Yadda Aka Raba Takardun Zeinabu da Sunayensu

Ina cikin takaba Zeinabu ta kawo mini luneti, wato tabarau na karatu. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ke karanta mini izu bayan sallar asuba tun da idona ya fara dushewa. Da ya rasu sai na koma ina buɗe Alƙur'ani ina kallon baƙaƙen kamar tururuwa sun taru kan tabarma. Ban faɗa wa kowa ba. Ita ce ta lura, ranar da ta shigo gaisuwa ta tarar na miƙa littafin iyakar tsawon hannuna. Washegari ta dawo da leda cike da luneti iri-iri da ta aro wurin wani mai tebur a kasuwa, ta zauna bakin tabarmata tana sa mini ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan fa, Balkisu?"

"Hazo nake gani."

"Wannan?"

"Ke ma kin zama biyu."

"Allah ya kiyaye, ni ɗaya ma na ishi unguwa."

Wannan ce dariyata ta farko tun rasuwar. Da muka dace da wanda ya yi mini, ta mayar da sauran, ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. Da lunetin nan nake rubuta wannan, a kayen jikata, littafin rubutunta na makaranta, da ɗan bokon da na tsinta a makarantar manya.

Zeinabu ɗiyar Halidu mai jirgi ce, uwarta Jumma mai banda kifi. Katanga ɗaya ta raba gidansu da namu a unguwar bakin kogi nan Gaya. Ta girme ni kaɗan. Tana cikin ƴan matan da aka kama aka kai lakwal, makarantar boko, lokacin da iyaye ke ɓoye ɗiyansu cikin rumbu, ita kuwa uwarta ta ce a kai ta, ko ba komai ta huta da hayaƙi. Ta yi karatu har Yamai, ta koyar da tarihi a Doso, daga baya ta koma wani gidan bincike. Ta yi aure sau ɗaya, mijin ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Da ta ajiye aiki ta dawo gidan ubanta, inda yayanta Alhaji Ma'u ke zaune da iyalinsa. Ɗaki biyu ta karɓa cikin gadonta, ɗaya na kwana, ɗaya na takardu. Na takardun ya fi girma, kuma shi ke da kwano mai kyau.

Duk unguwa Madam ake ce mata. Ba ta da fara'a da yawa, tana da saurin faɗa, ba ta iya tuwo ba, kuma idan ta ara maka abu sai ta tuna maka. Ina faɗin wannan don kada a ce na yi mata kwalliya bayan mutuwa.

Aikinta shi ne tambayar tsofaffin mata. Masu dafa gishiri a Bengu, masu banda a bakin kogi, masu ƙetare gada zuwa Malanbil da kaya a ka, ungozomai, masu kitso, har matan da suka yi zaman kansu da ba wanda ke son a ambace su. Takan ce littattafan da ta koyar duk sarakuna ne da yaƙi, kamar garin nan maza ne suka haifi kansu. Bayan na fita takaba ta riƙa jana muna tafiya tare. Ba don na san wani abu ba. Tsofaffi ne ba sa sakin jiki da mace mai jaka da rediyon ɗaukar murya, amma idan suka ga irina ta zauna tana taya su tsintar shinkafa sai baki ya buɗe.

Tambayarta ta farko kullum ɗaya ce. Na tuna wata tsohuwa a Bengu, hannunta duk ya tsage da ruwan gishiri.

"Inna, sunanki?"

"Matar Maigari ce ni."

"Na ji na mijinki. Naki fa?"

"Uwar Alassan ake ce mini."

"Alassan ma na ji nasa, Allah ya raya shi. Wanda aka raɗa miki ranar da aka yanka rago nake so."

Tsohuwar ta rufe baki da gefen zane tana dariya. "Ke wannan yarinya da neman magana! Wa ke kirana da shi? Tun rasuwar uwata ban ƙara jin shi ba."

"To yau ki ji shi daga bakinki."

Ta dubi tukunyar gishiri, sannan ta ce a hankali, "Kadija." Zeinabu ta maimaita da ƙarfi, ta tambayi sunan uwarta, ta rubuta. Ranar tsohuwar ba ta bar mu mun tafi ba sai da rana ta yi sanyi.

Ga yadda take shirya takardun, don nan ne duk abin ya rataya. Kowace mace tana da nata damin. A shafin farko, can sama, Zeinabu takan rubuta Bismillahi da hannunta da baƙin larabci, kamar yadda ubanta ya koya mata kafin lakwal. Ƙarƙashinsa sunan matar, sunan uwarta, garinta, sana'arta, da shekarar da aka yi hirar. Sauran shafukan maganar matar ce zalla, ba suna ko ɗaya. Da gangan take yin haka. Matan sun faɗi abubuwan da ba a faɗa, na miji, na cikin da ya zube, na yadda ake wucewa da kaya gaban ƴan duwan masu binciken kaya a iyaka, ta ce idan shafi ɗaya ya ɓace ya faɗa hannun wani, kada a ci mutuncin kowa. Sai mu ɗinke kowane dami a kusurwa da zare da allura. Ni ke ɗinkin, ita ba ta iya zura zare ba. Kwalaye suka cika har kusa da rufi, duk kan bulo saboda gara. Cikinsu har da nata na kanta, takardun makaranta, wasiƙun mijinta, hotunan uwarta.

Kafin ciwon ajali ya kwantar da ita ta shirya da wata ɗalibarta, Kausar, da ke aiki a jami'a a Yamai, cewa za ta zo da mota ta kwashe komai a adana inda masu karatu za su samu. A gabana ta faɗa wa Alhaji Ma'u. Ya ce, "Ba komai, Madam, ɗakinki ne." Ta rasu da bazara. Ni na yi mata wanka. Kausar kuwa tana da tsohon ciki, ta aiko cewa sai ta haihu ta yi arba'in, a yi haƙuri a bar ɗakin a rufe.

Tun ranar sadaka raina ya fara ɓaci. Mai sanarwa ya riƙe lasifika yana ta cewa a yi wa ƙanwar Alhaji Ma'u addu'a, ƙanwar Alhaji Ma'u, Allah ya ba Alhaji haƙuri. Har aka shafa fatiha ban ji an ce Zeinabu ba. Na haɗiye, na ce ranar mutuwa ce.

Bayan haka ɗiyata ta haihu a Yelu, na tafi zaman jego. Abin da ya faru bayana daga baya na ji shi. Sanusi, babban ɗan Alhaji, yana sayar da esansi, man fetur da ake kawowa daga Kamba, yana neman inda zai ajiye bido, jarkokin man. Ga ɗaki mai kwano mai kyau a rufe. Aka ɓalle kwado. Aka fitar da kwalaye aka jibge su ƙarƙashin rumfar awaki, a ƙasa. Kasakasai kuwa, kaset-kaset ɗin da muryoyin matan ke ciki, aka zare zarensu aka kai fadamar Alhaji aka ɗaɗɗaure kan sanduna, wai ƙyallinsu na korar tsuntsaye daga shinkafa. Na gani da idona daga baya. Iska na kaɗa su suna walƙiya, gwanin kyau. Muryar Kadija mai gishiri tana can tana gadin gona.

Awaki suka huda kwali ɗaya, iska ta ɗauki shafi ta kai lungu. Liman Yacuba yana wucewa zuwa la'asar ya ga Bismillahi a ƙasa da sawun kofato a kai. Ya ɗauka, ya kaɗe, bayan salla ya nuna wa Alhaji a gaban mutane ya ce sunan Allah ba ya zama ƙarƙashin dabba. Liman bai yi laifi ba, gaskiya ya faɗa. Da Alhaji ya mayar da kwalayen ɗaki, da magana ta ƙare. Amma ɗaki ya cika da bido, kuma an ba shi kunya gaban sahu. Sai ya sami dabara. Ya ce a bi takardun duka, duk shafin da ke da sunan Allah a cire a kai kogi a nutsar da shi da mutunci, kamar yadda ake yi wa tsohon allo da yagaggen littafi. Sauran kuwa, tun da takardun boko ne, ko ina suka kwana ba zunubi.

Ranar da na dawo daga Yelu na ajiye kayana na shiga gaishe su. Na tarar da matan gidan zaune ƙarƙashin itacen bedi, sun shimfiɗa tabarma, kowace da reza a hannu, kamar masu ɓarar gyaɗa. A yanke zaren, a zare shafin farko a jefa a buhu, a watsa sauran kan tulin da ke tsakiya. Ana hira, ana dariya, rediyo na waƙa. Zarena ne da na ɗinka da hannuna ke zube a ƙasa, ja da baƙi.

Munira, matar Alhaji, ta ɗago kai. "Maman Isma'il, sannu da hanya! Ya mai jego? Zo ki kama mana, aikin lada ne."

Na duƙa na ɗauki shafi ɗaya daga buhun, na sa luneti. Sunan wata ungozoma ce ta unguwarmu, wadda ta karɓi haihuwar rabin waɗanda ke zaune kan tabarmar. Na dubi tulin, ban san ina maganarta ta faɗa ba.

"Munira, kun san abin da kuke cirewa?"

"Bismillahi mana."

"Da sunan mai maganar a ƙarƙashi."

"To ai ba mu muka haɗa su shafi ɗaya ba. Madam ce da son iyawa."

Wata daga cikin ƴan matan ta ce, "Wallahi Inna, wasu maganganun ma gara da ba suna. Na karanta wata tana faɗin yadda mijinta ke…" Suka fashe da dariya. Ita ma ta yi lakwal, ta iya karatu, ga abin da ta yi da shi.

Alhaji yana zaure kan kujerar roba da carbi. Ban saba tsayawa gaban maza ina magana ba, amma na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi.

"Alhaji, alfarma na zo nema."

"Faɗi, Maman Isma'il."

"Buhun nan, a ba ni shi. Zan ɗora shi saman kabad inda nake ajiye Alƙur'ani. Ko ƙura ba za ta taɓa shi ba har Kausar ta zo."

"Ai kin makara. Sauran buhunan sun tafi tun jiya, wannan ne na ƙarshe."

"To na ƙarshen."

Ya ja carbi. "Na riga na faɗa a masallaci cewa yau bayan la'asar za a kai. Mutane za su raka. In koma in ce musu me? Wata mata ta hana?"

"Ka ce amana ce. A gabana ta faɗa maka."

"Amanar da ta fi ita ce ta kabarinta. Ƙanwata ta yi shekaru tana rubuta sunan Allah kan tsegumin tsofaffi, wa ya san nauyin da ke kanta yanzu? Mu muna sauke mata. Ke da ake ganinki da hijabi har ƙasa, ke ce za ki tsaya wa takardun nasara?"

"Hausa ce a ciki, Alhaji, da yaren Dendi. Har maganar mahaifiyarku tana ciki."

Nan ya ɗan tsaya. Na ɗauka ya ji. Sai ya ce, "Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, addu'a take buƙata ba takarda ba. Kin ci abinci kuwa? Munira, a zuba mata."

Daga inda nake durƙushe ina jin warin esansi yana fitowa daga ɗakin Zeinabu.

Na bi su kogi daga nesa. An ɗaure bakin buhun da igiya, an rataya masa dutse. Alhaji ya sa farar babbar riga. Sanusi na gaba yana tafiya da baya, waya a sama, yana ɗaukar bidiyo. "Baba, ɗan juyo nan. A sake ɗaga buhun, ban kama ba." Aka sake ɗagawa. Mai jirgi ya tura zuwa tsakiya, aka yi kabbara, aka saki. Ko kumfa mai yawa bai yi ba. Kafin magariba bidiyon ya zagaye wayoyin unguwa, ana ta sa wa Alhaji albarka, wai ya girmama sunan Allah. Na yi alwala sau da yawa a rayuwata a bakin kogin nan, ranar ce kawai na ji ba na son ruwan ya taɓa ƙafata. Ba kogin ne ya yi mini komai ba. Na yi istigfari.

Da na dawo na roƙi tulin da ya rage. Wannan kam ba a yi mini gardama ba. "Kwashe, Maman Isma'il, kin rage mana shara." Na kira mai amalanke, na cika ɗakina har sai da na mayar da gadona tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Na nemo bulo na ɗora su. Na kaɗe kashin awaki shafi shafi. Abin da na iya ke nan.

Kausar ta iso bayan ruwa ya ɗauke, da jariri a baya. Da na buɗe mata ɗakin ta ɗauki shafi ɗaya, ta ɗauki wani, ta juya bayansu, ta zauna a ƙasa ba tabarma. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta ce, "Inna, ina kawunansu?" Na nuna mata wajen kogi.

Muka zauna kwanaki, ita tana karantawa da ƙarfi, ni ina saurare ko zan gane mai magana. Wasu na gane. Da ta karanta inda wata ke cewa ruwan gishiri ya cinye mata layin tafin hannu har mai duba ya rasa abin da zai duba, na ce Kadija ce ta Bengu, na tuna dariyarta. Kausar ta rubuta da fensir. Ungozomarmu ma na gane ta da rantsuwarta. Amma yawancinsu tun kafin in fara raka Zeinabu aka yi hirar, wasu kuma na manta, ni ma shekaru sun ja. Shafi bayan shafi mace na cewa uwata, mijina, ranar da na fara ƙetare kogi, ɗana na fari da ya mutu, ba ka san wace ce ba, ba ka san ko shafin da ke biye nata ne ko na wata ba. Akwai wata da ta ba da labarin yadda ta yi iyo da goyo a baya shekarar da jirgi ya kife. Har yau ina tunaninta. Watakila jikokinta na wucewa ta ƙofar gidana.

Ranar da za a loda mota sai ga Alhaji Ma'u ya shigo da sallama, da babbar riga, da turare. Ya yi wa Kausar barka da haihuwa, ya sa wa jaririn albarka. Sannan ya gyara murya.

"Ɗiyata, na ji a can Yamai idan an kai irin waɗannan kaya ana rubuta wanda ya bayar. To ki sa: kyautar iyalan Alhaji Ma'u Halidu, Gaya. Mun sha wahalar tsabtace su, Allah ya sani."

Kausar ta dube ni. Ni kuwa na dubi ƙasa, don maganar da ta zo mini baki ba ta mai salla ba ce. Ta ce masa za a duba. Ya fita yana murna.

Da ya tafi ta ɗauko babban biro ta tsuguna gaban kwalin farko. "Inna, a wurin aikinmu Madam Halidu aka san ta. Haka zan rubuta?"

Na ce a'a. Na ce ta rubuta Zeinabu ɗiyar Jumma mai banda, a kowane kwali, a kowane gefe, don idan an juya shi ta bango a gani. Ta ce ƙa'idarsu sunan uba ake sawa. Na ce ta sa nasa a ƙasa idan dole ne, Halidu mutumin kirki ne, amma na sama kada ta taɓa. Ta rubuta, ina tsaye da luneti ina bin kowane baƙi har kwali na ƙarshe.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Wata rana muna dawowa daga Bengu a bayan mota, ƙura ta rufe mu, ciwon ya riga ya fara cin ta, ta jingina kanta da kafaɗata, abin da ba ta saba yi ba. Na ɗauka barci take. Sai na ji ta ce:

"Balkisu, idan na riga ki, abu ɗaya nake roƙo. In kin idar da salla kina yi mini addu'a, kada ki ce Madam, kada ki ce ƙanwar wane. Ki ce Zeinabu ɗiyar Jumma. Ki faɗa da ɗan ƙarfi, yadda na kusa da ke zai ji."